Ranar Ritaya Ba Ta Zuwa Bagatatan: Lacca Kan Fansho da Kasafin Kuɗi a Karkarar Kano

 

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayen ƙasa dagatai da masu unguwanni, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu 'yan fansho maza da mata, da 'yan'uwa ma'aikata da suka taso daga Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa, Bagwai da Dawakin Tofa.

An nemi in yi magana a kan yadda gwamnati ke tanadin kuɗin fansho da giratuti a cikin kasafinta. Zan fara da shekarar 1976, domin na hango fuskoki a layin gaba waɗanda suka fi ni sanin wannan shekara.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda muka fi sani da UPE. Azuzuwa suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Ga yara ga azuzuwa, malamai ba su isa ba, sai aka shiga ɗaukar samari, wasu ko gama makarantar horon malamai ba su yi ba, aka miƙa musu alli. A shekarar dai aka yi gyaran da ya shafe En'e ya kawo ƙananan hukumomi, su ma da nasu akawuna, malaman asibiti, malaman gona da masinjoji. To, ƙa'idar aikin gwamnati a fili take: shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan saurayin da aka ɗauka koyarwa a 1976, tun ranar da aka buɗe masa fayil an san ba zai wuce 2011 yana karɓar albashi ba. Duk mahukuncin da ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki, ya sani ko bai sani ba, a ranar ya sa hannu a takardar giratuti.

Ambaliya kan zo ba sallama. Fari, kwalara, faɗuwar farashin man fetur a kasuwar duniya, duk waɗannan in suka birkita kasafi, mai adalci zai yi wa gwamnati uzuri. Ritaya ba ta cikin wannan sahu. A duk layukan da ke cikin kundin kasafin kuɗi babu wanda ake iya hangowa daga nesa kamarsa. Ofishin shugaban ma'aikata zai iya faɗa muku yau mutum nawa za su ajiye aiki baɗi, da baɗin baɗaɗa, har shekara goma masu zuwa, da matakin albashin kowannensu. Saboda haka in kun ji an ce bashin giratuti ya taru, kada ku ɗauka wani bala'i ne ya sauko daga sama. Wani ne ya ga lissafin, ya ture shi gefe, ya kashe kuɗin a wani wuri.

Akwai kuma wata fahimta da nake so mu gyara tsakaninmu. Sau da yawa in an biya 'yan fansho, sai ka ji a rediyo ana cewa gwamna ya tausaya musu, ya share musu hawaye. Godiya hali ne na kirki, ban hana kowa ba. Amma fansho wani yanki ne na ladan aikin da aka riga aka yi, aka riƙe shi da alƙawarin za a bayar in ƙarfi ya ƙare. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin fansho da giratuti na ma'aikatan jiha, ya hana a riƙe shi ko a sauya shi ta hanyar da za ta cutar da mai shi, sai iyakar abin da doka ta halatta. Sashen ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka yi wa ma'aikata gyaran albashi, wanda duk ya riga zuwa. Ya kuma hana a cire masa haraji. Malamai suna nan zaune, sun fi ni sanin hukuncin mawadacin da ke ja wa mai bin sa bashi rai.

Kafin 2004 tsarin ƙasar nan guda ne, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 102 ta 1979. Ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Gwamnati ce za ta ware kuɗi a kasafin kowace shekara ta biya waɗanda suka yi ritaya. A jadawalin tarayya na wancan tsari, wanda ya cika shekara 35 yana da giratuti na albashin shekara uku cur, sannan fansho kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe. A takarda abin gwanin sha'awa. A zahiri kuwa, babu asusun da aka tara komai a ciki, sai abin da kasafin bana ya ga dama ya bari. Da ma'aikata suka yi yawa, kuɗin mai ya yi ta hawa da sauka, bashin ya kai inda aka ƙiyasta shi da kusan naira tiriliyan 2. Mun ga hotunan tsofaffin sojoji suna kwana a bakin titin Abuja. Wannan ya sa aka yi dokar gyaran fansho ta 2004, aka kwaikwayo tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981: kowane ma'aikaci da asusunsa na kansa, shi ya zuba, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba, kamfani mai lasisi ya juya kuɗin, hukumar PenCom ta sa ido. Da farko kashi bakwai da rabi ne kowane ɓangare. Dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki.

Kano ba ta bi wannan hanya sak ba. A 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka yi dokar fansho da giratuti ta jiha, aka kafa hukumar amintattun asusun fansho. Ma'aikaci yana zuba kashi 8, gwamnati tana zuba kashi 17, duka su shiga tukunya guda, daga nan a riƙa biyan wanda lokacinsa ya yi gwargwadon shekarun aikinsa da albashinsa. Maƙwabciyarmu Jigawa, wadda daga jikinmu aka yanke ta a 1991, ta riga mu shiga irin wannan tsari, kuma shekara da shekaru ana kafa misali da ita wajen biyan haƙƙi a kan kari. Na ambaci Jigawa ne domin kada wani ya ce tsarin ne ba ya aiki. Ga Kazaure nan, tafiyar 'yan mintoci daga Dambatta.

Iyayenmu mata za su fi kowa gane wannan tsari, domin adashi ne. Kowa ya zuba, mai kwasa ya kwasa. Bambancin kawai shi ne a wannan adashin uwar adashi ita ce mai zubi mafi tsoka, ita ce kuma ke karɓar na kowa tun kafin ya taɓa hannunsa. Ma'aikacin da albashinsa ya kai naira dubu 100, an cire masa dubu 8 tun kafin wayarsa ta yi ƙara, ba shi da ikon cewa bana ba zan zuba ba. Gwamnati ce za ta ɗora dubu 17 ta kai dubu 25 ga amintattu. In ta kai, shi ke nan. In ta ce wannan watan akwai matsi, a bari sai wata mai zuwa, babu wanda zai ji a jikinsa a ranar. Albashi ya shiga, kasuwa ta ci, kowa ya yi shiru. Sai bayan shekara uku ko biyar, malamin makaranta ya kai takardunsa a ce masa ya shiga layi.

Abin da ya faru ke nan. Shekaru da dama shugabannin hukumar amintattun da kansu suna kokawa a bainar jama'a cewa ma'aikatu da hukumomi da ƙananan hukumomi ba sa kawo kasonsu cikakke. Da kuɗin shiga ya gaza, sai aka riƙa lallaɓa fanshon wata-wata, giratuti kuwa aka jingine shi. Har ta kai 'yan fansho suna kukan ana zaftare musu wani abu daga ɗan abin da suke karɓa a wata. Lokacin da Injiniya Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki a watan Mayun 2023, gwamnatinsa ta ce ta tarar da bashin giratuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48. A watan Disamba na shekarar ta fara biya da naira biliyan 6, daga baya aka biyo da wasu rukunan na biliyan biyar-biyar. Ta kuma ɗaga mafi ƙarancin fansho daga naira dubu 5 zuwa dubu 20.

Na san inda nake tsaye. A Kano da zarar ka ambaci sunan gwamna, sai a fara leƙen kalar hularka. To ku leƙa da kyau, ta saƙar gida ce. Wannan bashi ya ratsa gwamnatoci, kowace da irin nata kason. A wa'adi na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, an gina rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, kuma kuɗin asusun fansho ya shiga harkar gidajen. Magoya baya suka ce jari ne aka zuba wa asusun, masu suka suka ce an karkatar da amana, magana har gaban EFCC. Ba alƙalanci na zo yi ba. Abin da ya shafi laccar nan shi ne, asusun da ake jiran ya biya mutane kowane ƙarshen wata ba ya jure a daskarar da kuɗinsa a cikin bulo da siminti. Ko da gidan ya yi daraja, ba a ɓantaro katanga a ba gwauruwa ta kai cefane. A shekaru takwas na Dakta Abdullahi Umar Ganduje kuma layin masu jiran giratuti ya ƙara tsawo. Wanda ya biya wani abu daga ciki ya kyauta, a yaba masa. Sai dai biyan tsohon bashi a gaban kyamara abu ne daban, hana sabo taruwa a ɓoye abu ne daban, kuma na biyun ya fi wuya domin babu mai tafa maka a kansa.

Yanzu bari in dawo gida, in faɗi dalilin da ya sa jinkirin giratuti ya fi ciwo a wannan yanki namu fiye da wurare da yawa.

Tun shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga baya ya dawo Bayero, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya ba shi mamaki mu ba ya ba mu, domin a cikinsa aka haife mu: ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita, gona na jingine da gona, babu dajin da za a sara, babu barin ƙasa ta huta. Kowace shekara ana noma fili ɗaya, gero da dawa da wake da gyaɗa a cakuɗe, kuma abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki. Kakanninmu da jakai da mangala suke kai itace birni su dawo da shara da toka. Tun wancan lokaci jama'a ta ninka, gonar kuwa ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa an raba shi gado, an sake rabawa, har ya zama wani abin da ya samu bai fi a tsaya a wannan kunya a yi magana da na waccan iyaka ba tare da ɗaga murya ba.

A irin wannan ƙasa ne hedimasta ko malamin asibiti ke dawowa bayan shekara 35. A wani yankin mai ritaya zai iya cewa zai faɗaɗa gona. A nan sai dai ya ƙara wa 'yar wadda yake da ita ƙarfi, ƙarfin kuwa kuɗi ne: takin zamani, takin gida da ake saye mota-mota, ladan 'yan ƙwadago domin gwiwa ta daina ɗaukar firi da maimai, ɗan rago ko sa na kiwo wanda kashinsa zai koma gona. Wanda yake kusa da madatsar Watari a Bagwai ko ta Tomas a ƙasar Dambatta yana so ya sayi injin ban ruwa ya shiga noman rani. Wani yana so ya sari hatsi da kaka ya kai Dawanau. Duk waɗannan da giratuti aka yi lissafinsu. Shi ne jari guda ɗaya mai kauri da ƙaramin ma'aikaci zai taɓa riƙewa a rayuwarsa.

In bai zo ba fa? Albashi ya tsaya, ga aurar da 'ya, ga kuɗin makarantar ƙananan, ga hawan jini da ciwon suga da ke zuwa da shekaru. Abin da ke hannu shi ne gonar. Sai a ba da ita jingina da niyyar in giratuti ya fito a fanso. Dagatai suna nan, su ake kira shaida, sun san sau nawa jinginar ke rikiɗewa ta zama ciniki. Kuma a ƙasar da babu fili, gonar da ta fita daga gida ba ta dawowa, domin kafin kuɗin su fito farashinta ya yi gaba. Ta haka sakacin da aka yi a ofis a birni yake sauya wa gona mai ita a Makoɗa.

Sannan ga hauhawar farashi, wadda ba a lissafa ta in an zo biya. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar ta haura kashi 34 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ku yi lissafi da ni. In kaya na tashi da kashi 30 kowace shekara, cikin shekara uku farashi ya ninka har da ɗori. Wanda yake bin naira miliyan 3 aka riƙe masa shekara uku, in an ba shi miliyan 3 ɗin cif, abin da za su saya bai kai rabin na ranar da ya ajiye aiki ba. A takarda an biya shi duka. A wajen mai sayar da taki an biya shi rabi. Ɗaya rabin ya tafi, kuma ba a rubuta shi bashi a kan kowa ba. Haka ma fanshon wata: mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 18 a 2011 zuwa dubu 30 a 2019, zuwa dubu 70 a 2024, Kano ma ta sa nata dubu 71. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙari tsarin mulki ya ce a taɓa fansho, amma wanda ya yi ritaya da daɗewa yakan ga an wuce shi an bar shi a kan tsohon lissafi.

Za a ce babu kuɗi. Kasafin Kano na 2024 ya haura naira biliyan 430, na 2025 ya haura biliyan 700. Ku ajiye biliyan 48 kusa da waɗannan ku gani. Na yarda buƙatu suna da yawa, makarantu na zuba, asibitoci na neman magani, mu ma nan muna son titi. Amma ai akwai fanshon da ba ya makara. Jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni da mataimakansu dokar fansho mai gidaje da motoci bayan aikin shekara huɗu ko takwas. A Zamfara sai da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a ci gaba da ba shi naira miliyan 10 na kula da kai a kowane wata, sannan majalisar jihar ta soke dokar a watan Nuwamban 2019. Ɓarayi ma ba su bar kuɗin fansho ba: a 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara takwas, mutumin da aka ɗora ya gyara harkar fanshon tarayya.

To me za mu nema in gwamna ya kai kasafi gaban majalisa? Muna da wakilai 40 a majalisar dokokin jiha, kowace mazaɓa a nan tana da nata, kuma akan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin a amince. Shawarata ga ƙungiyar 'yan fansho da ta malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ita ce kada idonku ya tsaya a kan adadin da aka ware don rage tsohon bashi. Ku tambayi kashi 17 ɗin: nawa ne jimillar albashin bana, nawa kashi 17 ɗinsa ya kama, an rubuta shi cikakke? In an rubuta, an sake shi? Ware kuɗi a kasafi alƙawari ne kawai, kuma rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku shi ke nuna abin da ya fita da gaske. Cikin 'ya'yanku akwai masu waya da za su iya sauko da shi su karanta muku. Ku nemi amintattu su riƙa bayyana sunan kowace ma'aikata da ƙaramar hukumar da ba ta kawo nata ba, da adadin da ake bin ta. Ku nemi a manna jerin masu jiran giratuti bisa ranar ritayarsu a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, domin wanda ya fita a 2018 ya ga da idonsa in an tsallake shi an biya na 2022. Inda layi yake a ɓoye, nan ɗan kamasho ke samun abinci, ya ce kawo kaso kaza in fito maka da fayil.

Tantancewa ma a kawo ta kusa. Babu mai musun a tace sunayen bogi da na waɗanda suka rasu, domin kowane sunan bogi haƙƙin mai rai yake ci. Amma dattijo ɗan shekara 75 daga Tsanyawa ko Shanono, mai karɓar dubu 20, in ya biya mota zuwa Kano da dawowa tare da jikan da zai riƙe masa hannu, me ya rage? Ma'aikata uku da na'urar ɗaukar hoton yatsa za su iya zagaya hedikwatocin ƙananan hukumomi. Matan da mazansu suka rasu suna jiran haƙƙi sun fi kowa shan wannan wahala, ga takaba, ga takardun kotu, ga magada da ke jiran rabo.

Abu na ƙarshe ya fi shafar mu mutanen karkara, domin yawancin 'yan fanshonmu malaman firamare ne da ma'aikatan ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, maimakon ya bi ta asusun haɗaka da jiha ke riƙe da shi. Mutane da yawa sun yi murna, ni ma ina cikinsu. Sai dai in hukuncin ya zauna da gindinsa, hannun da zai kai kashi 17 ga amintattu ya tashi daga ɗaya ya koma 44. Kowane ciyaman zai zauna da kuɗinsa a gabansa, ga 'yan siyasa a ƙofa, ga kwalbatin da ya yi alƙawari, ga wa'adin da bai wuce 'yan shekaru ba, sannan a ce ya tura kuɗi saboda malamin da zai yi ritaya bayan shi ya daɗe da sauka. Ina ganin tun yanzu ya kamata majalisa ta tanadi yadda za a cire wannan kaso daga tushe, tare da albashi a rana guda, kafin kuɗin su kai teburin kowa. Ciyamomin kuwa ba a Abuja suke ba, maƙwabtanmu ne, tare muke sallar Juma'a. Ranka ya daɗe, in ciyaman ya zo gaisuwa fada, a cikin abin da za a tambaye shi a sa da wannan: kason fansho na watan jiya ya tafi?